Ƙwaƙwalwa da Garkuwar Jiki: Tarihin Hanyar da Aka Gani, Aka Manta, Aka Sake Gani

Wanda ya taɓa yin tuntuɓe ƙafarsa ta yi gyambo, bayan kwana biyu ya ji kaluluwa ta taso masa a gindin cinya, ya san cewa jiki yana da wata hanya da ke kai labarin ciwo daga inda yake zuwa wani wuri dabam. Hanyar ita ce likitoci ke kira jijiyoyin limfa: siraran bututai masu ɗauke da wani ruwa garai-garai da ke tsatsowa daga jini, su kwashe shi tare da dattin da ke cikinsa da duk wata ƙwayar cuta, su bi da shi ta cikin kaluluwa inda fararen ƙwayoyin jini ke tace shi, daga ƙarshe su zuba shi cikin jini a ƙarƙashin ƙashin wuya. Fata tana da su, hanji yana da su, huhu da zuciya ma haka. Amma har zuwa shekarar 2015 littattafan koyar da likitoci suna cewa cikin ƙoƙon kai babu su, kuma garkuwar jiki ba ta da hurumi a ƙwaƙwalwa. Masu wannan magana suna da gwaje-gwajen da suka dogara da su. Abin da ya faru shi ne an ɗora wa gwaje-gwajen nauyin da ya fi ƙarfinsu, aka kuma yi watsi da mutanen da suka ga akasin haka da idonsu.

Daga Iskandariyya zuwa Bagadaza

A ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, likitoci biyu na birnin Iskandariyya, Herophilus da Erasistratus, suka yi suna wajen buɗe jiki don sanin gininsa. Littattafansu duk sun ɓace, abin da muke da shi ruwayar waɗanda suka zo bayansu ce. An ce sun ga wasu jijiyoyi cike da abu kamar madara a tantanin hanjin 'yan awaki masu shan nono. In ruwayar ta inganta, su ne farkon waɗanda suka yi tozali da jijiyoyin limfa, ba tare da sun san aikinsu ba.

Wanda maganarsa ta yi tasiri shi ne Jalinus, da aka haifa a shekara ta 129 a Pergamon, cikin Turkiyya ta yau. Shanu da aladu da birai ya fi feɗewa, ya ɗora abin da ya gani a kan ɗan Adam. A ganinsa ƙwaƙwalwa tana tara datti kamar kowace gaɓa, kuma tana fitar da shi ta ƙasa: ta wani ƙashi mai ƙananan huji da ke saman hanci, da kuma ta wani ƙullutu da ke gindinta. Majina a wurinsa dattin ƙwaƙwalwa ce, mura kuwa saukowar wannan datti ne fiye da kima. A ƙarni na 9 Hunain bin Ishaƙ da almajiransa suka mayar da ayyukan Jalinus Larabci a Bagadaza, Ibn Sina ya tsara wannan ilimi cikin littafinsa Alƙanun a wajen 1025, daga nan ya shiga makarantun Turai. Sai a 1660 wani likitan Wittenberg a Jamus, Conrad Schneider, ya nuna cewa tantanin hanci ne da kansa ke samar da majina. Gaskiya ya faɗa. Amma da aka jefar da kuskuren Jalinus sai aka haɗa har da tambayarsa, wadda tambaya ce mai kyau: ina dattin ƙwaƙwalwa ke zuwa?

1622: karen Aselli

Ranar 23 ga Yuli, 1622, a Milan ta Italiya, Gaspare Aselli ya buɗe cikin wani kare da ransa don nuna wa abokansa motsin tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Irin aikin da ake yi ke nan a zamanin, mai tsananin rashin tausayi. Sai ya ga fararen zarurruka sun bazu a kan hanjin. Ya zaci jijiyoyin ji ne, ya soki ɗaya da tsinin wuƙa, sai ga farin ruwa ya ɓulɓulo. Kafin ya gama kallo karen ya mutu, zarurrukan suka ɓace. Da ya buɗe wani kare bai ga komai ba, sai ya tuna na farkon bai daɗe da cin abinci ba. Ya ciyar da na uku ya ƙoshi, ya buɗe, sai ga su sun dawo. Wannan ɓacewa ita ce matsalar da ta yi ta bin masu binciken limfa har shekara ɗari huɗu: jijiyoyin sirara ne, ruwansu ba shi da launi in ba na hanji ba, kuma da zarar rai ya fita sai su lanƙwashe su manne.

Saboda girmama Jalinus, Aselli ya ce hanta suke kai wa abinci. A 1651 Jean Pecquet, matashi Bafaranshe, ya bi su har ya ga sun taru a babban bututu da ya ratsa ƙirji ya zuba a jijiyar jini kusa da wuya. A 1652 da 1653 Olof Rudbeck na Uppsala a Swidin da Thomas Bartholin na Kopenhagen a Denmak, kowa a nasa ɓangaren, suka nuna cewa irin waɗannan jijiyoyi sun game jiki. Rudbeck ya yi nasa nunin a gaban Sarauniya Christina, Bartholin ya riga shi bugawa, suka yi ta jayayya kan wanda ya fara. Sunan da Bartholin ya raɗa shi ne ya zauna.

1787: Mascagni da zaibarsa

Paolo Mascagni malamin ilimin ginin jiki ne a Siena. Dabararsa ita ce ya ja gilashi ya zama siririn bututu, ya soka shi cikin jijiyar limfa ta gawa, ya bar zaiba ta gangara a hankali da nauyinta har ta cika reshe-reshen, su fito suna ƙyalli yadda mai zane zai iya kwafa. A 1787 ya buga babban littafinsa kan jijiyoyin limfa na jikin ɗan Adam, a ciki kuwa ya zana su ƙarara a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Masu ƙera siffofin jiki da kakin zuma a Florence, waɗanda ya yi wa jagora, sun sa su a cikin aikinsu, kuma wasu daga cikin siffofin suna nan a gidan tarihin Josephinum na Vienna.

Waɗanda suka zo bayansa sun gwada sun kasa. Da yake zaiba tana da nauyi, tana iya yaga nama ta buɗe hanyar da babu ita, sai aka ce abin da ya faru da Mascagni ke nan. Zargi ne mai ma'ana, amma ba a taɓa tabbatar da shi ba. An dai daina ambaton maganar ne kurum.

Ta wani gefen kuma ana ta gano ruwan da ƙwaƙwalwa ke kwance a cikinsa. Domenico Cotugno ya siffanta shi a 1764, François Magendie ya raɗa masa suna a shekarun 1820. A jikin babban mutum bai wuce mililita 150 ba, amma ana samar da kusan rabin lita kullum, wato sai an sabunta shi sau uku ko fiye tsakanin wayewar gari da wata wayewar. Dole ke nan yana da mafita. A 1869 Gustav Schwalbe, Bajamushe, ya zuba shuɗin rini cikin wannan ruwa a jikin dabbobi, ya tarar da shuɗin a kaluluwar wuyansu. A 1875 Axel Key da Gustaf Retzius na Stockholm suka nuna hanyoyi biyu: ɗaya ta wasu 'yan tsiro da ke leƙawa cikin manyan jijiyoyin jini na saman kai, ɗaya kuma ta gefen jijiyoyin jin ƙamshi, ta cikin ƙashin nan mai huji, zuwa tantanin hanci da limfarsa. Ƙashin da Jalinus ya nuna ne, ko da yake abin da ke bi ta nan ba majina ba ce. Da Lewis Weed na Amurka ya sake gwajin a 1914 ya ba hanya ta farko fifiko, ita ce ta shiga littattafai, ta biyun ta koma ƙaramin rubutu a gindin shafi.

1885 zuwa 1921: shinge

A 1885 Paul Ehrlich ya yi wa dabbobi allurar rini ta jini. Hanta ta rinu, ƙoda ta rinu, fata ta rinu, ƙwaƙwalwa da lakar baya suka tsaya fes. Shi ya ɗauka naman ƙwaƙwalwa ne kawai ba ya kama rini. Almajirinsa Edwin Goldmann ya juya gwajin a 1913: ya zuba rinin kai tsaye cikin ruwan ƙwaƙwalwa, sai ta yi shuɗi, sauran jiki bai rinu ba. Ashe wani abu ne ya tsaya tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Lina Stern, da ke aiki a Janeba, ita ta kafa masa suna a 1921, shingen jini da ƙwaƙwalwa. Wannan mata daga baya ta koma Mosko, ta yi amfani da iliminta wajen zuba magani kai tsaye cikin ruwan ƙwaƙwalwar yara masu sanƙarau na tarin fuka, gwamnatin Stalin ta kama ta a 1949, kuma ita kaɗai ta tsira da ranta cikin waɗanda aka yanke wa hukunci tare a 1952. Ainihin ginin shingen kuwa sai a 1967 Thomas Reese da Morris Karnovsky suka gan shi da madubin lantarki: ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa a liƙe suke da juna gam, babu 'yar kafar da ake samu a sauran gaɓoɓi.

Rinin da Goldmann ya yi aiki da shi an samo shi ne wajen neman maganin ƙwayar ciwon barci, kuma wannan ciwo na ƙasashenmu yana da abin da zai koyar a nan. Tun a 1803 Thomas Winterbottom, likita a Saliyo, ya rubuta cewa masu ciwon suna samun kumburin kaluluwa a bayan wuya, har masu fataucin bayi kan lalubi wuyan mutum kafin su saye shi. Ƙwayar da ƙudan tsando ke sakawa tana fara zama ne a jini da limfa, sai daga baya ta haura shingen, a nan ne barcin rana da rashin barcin dare da rikicewar hankali ke farawa. A annobar shekarun 1930 a Arewacin Nijeriya, wadda ta kai ga kwashe mutanen yankin Anchau da gina musu sabon garin Takalafiya, ma'aikatan lafiya kan jera mutanen ƙauye su bi su ɗaya-ɗaya suna taɓa wuya. A wancan zamani maganin matakin farko ba ya aiki a na biyu domin ba ya haura shingen. Wanda ya zo daga baya mai haurawa, melarsoprol na 1949, arsenik ne tushensa, kuma yana kashe kusan mutum ɗaya cikin ashirin da aka yi wa ta hanyar kumbura ƙwaƙwalwa. Likitocin da suka duba ƙwaƙwalwar mamatan ciwon barci sun ga fararen ƙwayoyin jini sun yi dafifi kewaye da jijiyoyin jini.

Haka ma sanƙarau. A 1891 Heinrich Quincke ya fito da dabarar soka allura tsakanin ƙasusuwan ƙugu a ɗebo ruwan laka. Na mai lafiya yana ɗigowa garau, ana ganin bayan kwalbar ta cikinsa. Na yaron da sanƙarau ya kama, wuyansa ya ƙage ba ya son haske, yakan fito gurɓatacce fari-fari, da ƙarfi, saboda dubban fararen ƙwayoyin jinin da suka kwarara ciki. Duk ma'aikacin asibitin da ya ga annobar 1996, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 11,000, ya san wannan ruwa. Babban kaso na ɓarnar, da kurumtar da ke biyo baya, daga yaƙin da jiki ke yi ne a cikin ƙoƙon kai wanda ba shi da wurin buɗawa idan abin cikinsa ya kumbura. Wannan ya isa ya nuna dalilin da ya sa ƙwaƙwalwa ke tsananta tsaron kanta. Amma kuma ya nuna cewa garkuwar jiki ta san hanyar shiga. Masana sun gina wa ƙwaƙwalwa ganuwa a tunaninsu, suka manta cewa ganuwar Kano ma da ƙofofinta aka gina ta, kowace da sarkin ƙofa mai sanin wanda ya shiga da wanda ya fita, da magudanun da ruwan damina ke bi ya bar gari.

1919 zuwa 1953: rabin maganar Medawar

A Madrid, a 1919, Pío del Río Hortega ya ƙirƙiro wani rini na azurfa da ya bayyana wasu ƙananan ƙwayoyi masu rassa a cikin naman ƙwaƙwalwa, ya kira su maikurogiliya. Ya ga cewa idan an ji wa ƙwaƙwalwa rauni sukan janye rassansu, su taho wurin, su cinye matattun ƙwayoyi. Ya kuma ce asalinsu ba ɗaya ba ne da na ƙwayoyin jijiya, daga waje suka shigo tun ɗan tayi yana ciki. Wannan bincike ya haɗa shi rigima da babban malami Santiago Ramón y Cajal har ya bar ɗakin bincikensa a 1920, yaƙin basasar Sifaniya kuma ya kore shi daga ƙasarsa, ya rasu a Buenos Aires a 1945. Sai a 2010 aka tabbatar da maganarsa ta asali a jikin ɓeraye. Ƙwaƙwalwa tana da nata dakarun garkuwa mazauna ciki tun kafin a haifi mutum.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalin masana a lokacin dashe ne. A 1921 wani mai bincike a Japan, Shirai, ya dasa ƙarin daji na wata dabba a ƙwaƙwalwar wata, ya girma, alhali a ƙarƙashin fata jiki yana kashe shi. A 1923 James Murphy da Ernest Sturm na cibiyar Rockefeller a New York suka ga cewa in aka haɗa da ɗan yankin saifar dabbar da aka yi wa dashen, ƙarin ba ya rayuwa.

Peter Medawar ya shigo wannan fage ne saboda Yaƙin Duniya na Biyu da mutanen da wuta ta ƙone, waɗanda jikinsu ke ƙin karɓar fatar wani. A 1948 ya buga sakamakon gwajinsa a kan zomaye. Fatar wani zomo da aka dasa a ƙwaƙwalwa takan zauna lafiya. Amma idan an riga an dasa wa zomon irin fatar a jikinsa, garkuwarsa ta san ta, to wadda ke cikin ƙwaƙwalwar ma sai an hallaka ta. Abin da ya fahimta shi ne ƙwaƙwalwa ba ta iya tayar da garkuwar jiki, amma garkuwar da ta riga ta tashi tana isa gare ta, kuma ya danganta na farkon da rashin jijiyoyin limfa. A 1953 abokin aikinsa Rupert Billingham da Boswell suka fara kiran irin waɗannan wurare masu gata. Medawar ya sami kyautar Nobel a 1960, maganarsa ta ƙara nauyi, amma rabinta aka riƙe. Ɗalibai suka yi ta haddace cewa garkuwar jiki ba ta shiga ƙwaƙwalwa, abin da shi bai faɗa ba. A nawa ganin nan ne aka yi asarar da ta fi kowace: wanda ya yarda babu hanya ba zai nemi kuɗin binciken hanya ba, in ma ya nema ba mai ba shi.

Ga kuma wata shaida da ta daɗe a gabansu. Rigakafin cizon mahaukacin kare da Louis Pasteur ya fara yi a 1885 da busasshiyar lakar zomo ake haɗa shi, kuma wasu ƙalilan cikin waɗanda aka yi wa sukan shanye. A 1933 Thomas Rivers ya yi ta yi wa birai allurar naman ƙwaƙwalwa zalla, ba ƙwayar cuta, suka shanye, rufin jijiyoyinsu ya zaizaye. Garkuwarsu ce ta koyi ƙin naman, ta je ta far wa nasu. Daga nan aka fara fahimtar cutar da Jean-Martin Charcot ya siffanta a Faris a 1868, wadda ake taƙaita sunanta da MS. Sai dai darasin da aka ɗauka shi ne duk farar ƙwayar jini da aka gani a ƙwaƙwalwa ɓarna ta kawo ta.

1960 zuwa 2006: masu naci

Akwai waɗanda ba su saki ba. A shekarun 1960 Mihály Földi na Hungary ya ɗaure jijiyoyin limfa na wuyan karnuka, ƙwaƙwalwarsu ta kumbura, halayensu suka sauya. Helen Cserr ta Jami'ar Brown a Amurka da Michael Bradbury na Landan sun shafe shekaru suna zuba sinadarai masu alama a ƙwaƙwalwar dabbobi suna tsintar su a kaluluwar wuya, Cserr kuma ta nuna cewa jiki yana ƙera makaman yaƙi da abin da aka zuba, a kaluluwar. A Toronto Miles Johnston ya auna a jikin tumaki ya ga kusan rabin ruwan ƙwaƙwalwa ta limfa yake fita. An buga ayyukan nan duka a mujallu masu daraja, littattafan aji ba su motsa ba.

Ta ɗaya ɓangaren kuma ya bayyana cewa ƙwaƙwalwa tana ba garkuwar jiki umarni. Robert Ader, masanin halayya a Rochester, yana ba ɓeraye ruwa mai zaƙi tare da wani magani mai sa tashin zuciya, wanda kuma ke danne garkuwar jiki. Da ya daina maganin ya ci gaba da ruwan zaƙin kaɗai, wasu ɓerayen suka mutu. A 1975 shi da Nicholas Cohen suka nuna cewa ɗanɗanon kaɗai ya isa ya rage ƙarfin garkuwarsu. A shekarun 1980 David Felten ya ga zaren jijiyoyi sun shiga saifa har suna taɓa fararen ƙwayoyin jini, Hugo Besedovsky kuma a 1986 ya nuna cewa wani sinadari da ƙwayoyin garkuwa ke fitarwa yana sa ƙwaƙwalwa ta ba da umarnin sakin kotizol, wanda ke kwantar da kumburi. Kasalar mai zazzaɓi, da ƙin abinci, da son kwanciya shi kaɗai, duk ta wannan hanya suke zuwa: saƙo ne daga garkuwa, ƙwaƙwalwa ta amsa da tilasta hutu. A 2000 Kevin Tracey ya nuna cewa motsa jijiyar vagus, wadda ke saukowa daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙirji da ciki, da lantarki yana rage kumburi mai kisa a jikin ɓeraye.

Hartmut Wekerle a 1986 da William Hickey a 1991 sun nuna cewa ƙwayoyin T, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, in aka tayar da su suna haura shingen. Michal Schwartz ta cibiyar Weizmann ta ƙara gaba a 1998 da 1999, ta ce wasunsu taimako suke zuwa yi bayan an ji wa jijiya rauni, aka yi mata ca. Hujjar da ba a iya musu ba daga asibiti ta zo, kuma da rayuka aka biya ta. A ƙarshen 2004 Amurka ta amince da natalizumab, maganin MS da ke hana fararen ƙwayoyin jini haura shingen. Ya yi aiki ƙwarai. Amma a Fabrairun 2005 aka janye shi, domin wata ƙwayar bairos mai suna JC, wadda ɗimbin mutane ke ɗauke da ita ba tare da ta yi musu komai ba, ta tashi a ƙwaƙwalwar mutum uku, biyu suka mutu. An dawo da maganin a 2006 da tsauraran sharuɗɗa. Ashe kullum akwai masu sintiri, da aka tare su ne aka san aikin da suke yi.

2012 zuwa 2015

A ɗakin binciken Maiken Nedergaard a Rochester, Jeffrey Iliff da abokansa sun yi amfani da madubin da ke leƙa ƙwaƙwalwar ɓera mai rai. A 2012 suka ba da rahoton cewa ruwan ƙwaƙwalwa yana shiga can ciki ta 'yar tazarar da ke kewaye da jijiyoyin da ke kawo jini, tazarar da Rudolf Virchow da Charles Robin suka siffanta tun shekarun 1850, ya ratsa naman da taimakon ƙofofin ruwa da ke jikin ƙwayoyin giliya masu tallafa wa ƙwayoyin jijiya, ya fita ta gefen jijiyoyin da ke mayar da jini ɗauke da datti, ciki har da amiloid, furotin ɗin da ke taruwa a cutar mantuwa ta Alzheimer. Suka kira tsarin gilimfatik. A 2013 suka ce a lokacin barci tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera tana ƙaruwa da kusan kashi 60 cikin ɗari, wankin ya ƙara sauri.

Saura inda ruwan ke zuwa. A Jami'ar Virginia, a ɗakin binciken Jonathan Kipnis, wanda almajirin Schwartz ne, Antoine Louveau yana so ya ƙirga ƙwayoyin garkuwa a tantanin ƙwaƙwalwar ɓera. Da ma an saba ɓare tantanin a yayyanka shi. Shi sai ya daskarar da shi da sinadari tun yana manne da ƙoƙon kai, sannan ya ɗaye shi ɗungurungum ya shimfiɗa a kan gilashi. Da ya duba sai ya ga ƙwayoyin T ba a warwatse suke ba, sun jeru a layi a gefen manyan jijiyoyin jini, cikin wani bututu da rinin da aka yi wa ɓeran allurarsa ta jini bai cika ba. Ya sa rinin da ke kama jikin jijiyoyin limfa kaɗai, bututun ya haska. An buga wannan a Yunin 2015. A daidai lokacin Aleksanteri Aspelund da Kari Alitalo a Helsinki suka buga irinsa, suka kuma nuna cewa ɓerayen da aka hana wa waɗannan jijiyoyi ba sa iya kai dattin ƙwaƙwalwa kaluluwar wuya yadda ya kamata.

Abin da ya bambanta su da Mascagni kayan aiki ne. Sinadaran da ke bambance jijiyar limfa da ta jini sai a ƙarshen shekarun 1990 aka gano su, kuma ɗakin binciken Alitalo yana cikin waɗanda suka buɗe wannan fage. Jijiyoyin kuma sun ɓuya a gefen manyan jijiyoyin jini, cikin tantanin da mai feɗe gawa ke ɗagawa ya ajiye gefe don ya isa ga abin da ya zo nema. Shingen Ehrlich da Goldmann yana nan daram, cikin naman ƙwaƙwalwar ma har yau ba a ga jijiyar limfa ba. A bakin iyaka ake haɗuwa.

Bayan 2015

A 2017 ƙungiyar Daniel Reich a cibiyar binciken lafiya ta Amurka ta ɗauki hoton jijiyoyin da na'urar MRI a kan mutane masu rai. A 2018 ɗakin Kipnis ya nuna cewa suna tsukewa idan ɓera ya tsufa, cewa lalata su yana ƙara taruwar amiloid, kuma faɗaɗa su yana gyara koyon tsofaffin ɓeraye. A shekarar ne kuma ƙungiyar Matthias Nahrendorf a Boston ta ga ƙananan hanyoyi da suka huda ƙoƙon kai daga ɓargonsa zuwa tantanin, waɗanda ƙwayoyin garkuwa ke bi. A Koriya ta Kudu Gou Young Koh da abokansa sun bi sawun ruwan a gindin ƙoƙon kai a 2019, a 2024 kuma a bayan hanci da maƙogwaro, yankin da Schwalbe da Key da Retzius suka nuna.

Ba a gama jayayya ba. A 2024 ƙungiyar Nick Franks ta Kwalejin Imperial a Landan ta auna ta wata hanya dabam, ta ce a ɓerayenta wankin raguwa yake yi lokacin barci, Nedergaard ta soki dabarar awon, kuma har yanzu kowane ɓangare yana kan bakansa. Mafi yawan abin da aka sani daga ɓeraye ne, waɗanda ƙwaƙwalwarsu ba ta kai rabin giram ba, ta mutum kuwa ta haura kilo ɗaya. Duk da haka wasu asibitoci a ƙasar Sin sun fara yi wa masu cutar mantuwa tiyatar haɗa jijiyoyin limfa na wuya da na jini don ƙara gudun ruwan, iyalai suka yi ta kai tsofaffinsu suna biyan kuɗi masu yawa. A Yulin 2025 hukumar lafiya ta ƙasar ta hana yin wannan tiyata a matsayin magani, saboda babu gwajin da ya tabbatar tana da amfani ko ba ta da haɗari.